Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: shekaru 20 tsakanin fagen fama da ginin ƙasa

Wanda duk ya tashi daga Sakkwato ya nufi arewa maso gabas ta kwarin gulbin Rima, zai iske garin Wurno bisa tudu, yana fuskantar fadamar shinkafa da albasa da tafarnuwa. A wannan gari ne kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake.

Mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana kwance a Hubbare cikin Sakkwato, birnin da shi Bello ya kafa da kansa. Amma shi ya ƙare kwanakinsa a wani sansani na bakin daga, kuma dalilin haka yana cikin irin daular da ya gada.

Ƙuruciya da jihadi

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, wato 1195 bayan Hijira. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel cikin jama'ar Shehu, ya yi karatu wurin mahaifinsa da kuma baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya horar da shi a fannin Larabci.

Bai cika shekara 23 ba lokacin da saɓani da Sarkin Gobir Yunfa ya tilasta wa jama'a yin hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Nasarar Tafkin Kwatto a wannan shekara ta zo da wuri, amma abin da ya biyo baya ya yi tsanani. A Tsuntsuwa an rasa malamai da mahaddata masu yawa, a Alwasa kuma a 1805 saura ƙiris a murƙushe rundunar baki ɗaya, ga yunwa ga cuta.

Cikin waɗannan shekaru ne Bello ya fito a matsayin jagoran yaƙi da kuma mai rubuta wasiƙun jama'a. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a watan Oktoban 1808, inda aka kashe Yunfa. A shekarar da ta biyo baya ya fara gina Sakkwato. Da Shehu ya raba aikin gudanar da ƙasa a 1812, sai ya danƙa wa Abdullahi yamma, Bello kuma gabas.

A wannan shekara ta 1812 ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau shi ne babban madogarar masu nazarin jihadin. Abin lura shi ne ya sanya wasiƙun Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno a cikinsa, waɗanda ke tuhumar masu jihadi da yaƙar 'yan'uwansu Musulmi, sannan ya biyo da amsoshinsa. Ba kowane shugaba ne ke adana hujjar abokin gabarsa a cikin littafinsa ba.

Gadon da ke tangaɗi

Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato. Kafin a kai ko'ina sai tawaye ya ɓarke ta kowace fuska, domin da yawa daga waɗanda suka miƙa wuya sun ɗauka alkawarinsu da Shehu suka ƙulla, kuma ya ƙare da rasuwarsa.

Mafi ciwo shi ne na Abdussalami, Ba'are, tsohon almajirin Shehu, wanda harin da Gobirawa suka kai wa mutanensa a Gimbana yana cikin musabbaban jihadin tun farko. Yana zaune a Kware, ƙofar Sakkwato, yana ganin an tauye shi wajen rabon ƙasa. An yi ta musayar wasiƙu, sulhu ya faskara, aka ci Kware a farkon 1818, shi kuma ya rasu sakamakon raunin da ya samu. Bello ya rubuta labarin rikicin a cikin Sardul Kalami, nan ma tare da koke-koken mutumin da ya yaƙa.

Akwai kuma tsamin dangantaka da baffansa Abdullahi a kan gadon shugabanci. Wannan bai warware ba sai wajen 1821, lokacin da Bello ya kai masa ɗauki a Kalambaina, inda ragowar mutanen Abdussalami suka ja daga. Bayan nasara ne Abdullahi ya gaishe shi a matsayin Amirul Muminina, aka kuma ci gaba da tafiya da Sakkwato da Gwandu a matsayin tagwayen cibiyoyi.

Duk da haka tsakiyar daular ba ta huta ba. Gobirawa a arewa, Katsinawan da suka koma Maraɗi, Kabawa a yamma, Zamfarawa a gabas, da wasu ƙungiyoyin Abzinawa, kowa na jiran rani ya kawo hari. Marubutan zamanin sun ƙidaya yaƙe-yaƙe fiye da 40 da ya fita da kansa cikin shekaru 20 na mulkinsa.

Dabarar ribaɗi

A nan ne basirar Bello ta fi bayyana. Ya fahimci cewa rundunar sa-kai da ke taruwa bayan kaka ta watse da faɗuwar damina ba za ta iya tsare iyaka ba. Sai ya koma ga wata tsohuwar hanya ta tarihin Musulunci, wato ribaɗi: gari mai ganuwa a bakin iyaka, wanda mazaunansa manoma ne kuma mayaƙa, da masallaci da makaranta da alƙali da kasuwa.

Ya jera irin waɗannan garuruwa a kwarin Rima da kewaye, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu. Daga cikinsu akwai Gandi, wadda yau take ƙaramar hukumar Rabah, da Shinaka a ƙaramar hukumar Goronyo, da Lajinge, da ita kanta Kware bayan an sake gina ta. Shi da kansa ya zauna a Magariya kafin ya gina Wurno a ƙarshen shekarun 1820 ya mayar da ita mazauninsa, ya bar yawancin harkokin Sakkwato a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin ƙanwarsa Nana Asma'u.

Ribaɗi yana da wata manufa bayan tsaro. Bello ya matsa wa Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su rungumi noma, su sa 'ya'yansu karatu, su kuma yi kiwon dawaki da raƙuma waɗanda rundunar ke buƙata. A ganinsa shari'a da ilimi ba sa kafuwa sai a cikin gari. Irin wannan shawara ya rubuta wa Muhammadul Jailani, jagoran jihadi a cikin Abzinawa. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa tanadar wa ƙasa manoma da maƙera da masaƙa da sauran masu sana'a, da gyaran hanyoyi da kasuwanni, cikin wajiban shugaba.

Sai dai dole a faɗi ɗaya ɓangaren. Gonakin da suka ciyar da waɗannan garuruwa, kaso mai yawa na aikinsu bayi ne suka yi shi, mutanen da aka kamo a yaƙe-yaƙen nan da ake magana. Bello ya yi rubutu a kan wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba, amma bautar kanta ta bunƙasa a zamaninsa. Ga Gobirawa da Kabawa kuwa, garuruwan da Sakkwato ke kira na tsaro an gina su ne a kan ƙasar kakanninsu.

Baƙo daga Ingila

A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Abin da ya rubuta ya nuna sarkin da ke bibiyar al'amuran duniya. Bello ya yi masa tambayoyi a kan ɗarikun Kiristanci har baƙon ya rasa amsa, ya kuma tayar da zancen mamaye Indiya da Ingilishi suka yi da rikicinsu da Aljeriya, birnin da jiragen ruwan Ingila da na Holand suka yi wa ruwan wuta a 1816. Sun tattauna batun ciniki, da turo likita da ƙaramin jakada, da hana sayar da bayi ta bakin teku.

Ziyara ta biyu a 1826 ba ta yi armashi ba. Barno ta shigo da yaƙi ta gabas, Clapperton kuma yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga al-Kanemi, sai Bello ya hana shi wucewa ya kuma karɓe kayan. Sarkin Bauchi Yakubu ne ya tare rundunar Barno a 1827. Clapperton ya kwanta ciwo ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilun wannan shekara. Cikin littattafan Larabci da ya kawo akwai na lissafin Iƙlidis, kuma ya ba da labarin ya taɓa iske Bello yana nazarinsa.

Wannan bai saɓa da halinsa ba. Ya bar rubuce-rubuce masu yawan gaske a kan fiƙihu da siyasa da tarihi da tasawwufi, har da likitanci, inda ya yi risala a kan ciwon basur da wata a kan ciwon ido. A Tanbihus Sahibi ya yi bayanin falalar neman na kai, kuma an ruwaito cewa daga abin da ya noma yake ci, ba ya taɓa baitulmali don bukatar gidansa. A shekarun 1830 ya karɓi baƙuncin Alhaji Umaru Futi a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya aurar masa da 'yarsa. Umaru ya koma yamma daga baya ya kafa tasa daular a yankin Mali da Senegal na yau.

Gawakuke da bayanta

Babban gwaji na ƙarshe ya zo a 1836, lokacin da Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da Ibra na Abzinawa suka haɗa kai. Bello, yana da shekara 54, ya fita da rundunarsa cikin zafin bazara da ƙarancin ruwa, aka haɗu a Gawakuke. Aka kashe Ali da Rauda, Ibra ya tsere. Ragowar Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar ta yau, daga can kuma suka ci gaba da gwagwarmaya har ƙarshen ƙarnin.

Bai daɗe bayan wannan nasara ba. Ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, daidai da Rajab 1253, aka binne shi a can. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, ɗan'uwansa Abubakar Atiku kuma ya gaje shi.

Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, ya riƙe Wurno a matsayin fadarsa, kuma a can Bajamushen nan Heinrich Barth ya zauna a 1853, ya tarar har lokacin ana fargabar harin Gobirawa a hanyoyin da ke kewaye. Wani ɗan nasa, Abubakar Atiku na Raba, ya riƙe Rabah kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1873. Jikan wannan Abubakar shi ne Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, wanda aka haifa a Rabah.

Kwarin da ya zaɓa ya ci gaba da zama rumbun abinci, musamman bayan kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Haka kuma matsalar da ta sa aka gina ganuwar Wurno ta sake dawowa yankin da wata fuska: a 2018 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan gundumar Gandi, a watan Oktoban 2021 kuma suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. Masu ziyara daga sassan Najeriya da Nijar, bayan sun gama da Hubbaren Shehu a Sakkwato, da yawansu kan ƙarasa Wurno su yi wa Bello addu'a.