Edouard Seguin: Likitan da ya tabbatar yara masu buƙata ta musamman suna iya koyon dogaro da kai

A yau, malamai masu kula da yara masu lalurar galahanga suna fara darasi ne daga wanke hannu, sa maɓallin riga da riƙe cokali. Wannan tsari yana da dogon tarihi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashinsa shi ne Edouard Seguin, ɗan ƙasar Faransa.

An haifi Seguin ranar 20 ga Janairun 1812 a garin Clamecy. Ya yi karatu a hannun likita Jean Itard, wanda ya shafe kimanin shekara biyar yana koyar da Victor, yaron da aka tsinta a dajin Aveyron ba ya magana. Wasu masana na ganin Victor yana da galahanga ne, duk da cewa sai a 1943 likita Leo Kanner na Amurka ya fayyace lalurar a rubuce.

A zamanin Seguin, ana tara yara masu raunin fahimta a gidajen mahaukata, an yanke ƙauna daga gare su. Shi kuwa ya buɗe musu makaranta a birnin Paris, sannan ya koyar a asibitin Bicetre har zuwa 1843, lokacin da saɓani da shugabannin wurin ya raba shi da aikin.

Hanyarsa tana farawa da jiki kafin littafi. Yaro zai koyi tsayuwa da tafiya da kama abu da yatsu, sai a horar da idonsa da kunnensa da taɓawarsa, daga nan a shiga sa tufafi, cin abinci da tsaftar jiki. Kowane aiki ana gutsuttsura shi, a fara da mai sauƙi, a maimaita har ya zauna. Ya kuma ƙirƙiro allon katako mai ramuka da yaro ke saka siffofi a ciki, wanda har yau ake amfani da shi wajen gwajin fahimtar yara. Ya tattara wannan hanya a littafinsa na 1846.

Bayan juyin juya halin 1848, Seguin ya koma Amurka, inda ya taimaka wa makarantun irin waɗannan yara, ya kuma wallafa wani littafin a 1866. A 1876 aka zaɓe shi shugaba na farko na ƙungiyar likitocin cibiyoyin kula da su. Ya rasu a New York ranar 28 ga Oktoban 1880. Daga baya Maria Montessori ta ƙasar Italiya ta nazarci littattafansa, ta gina tsarin makarantunta a kansu.

A Najeriya, an sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, amma har yanzu akan ɓoye yaro a gida ko a danganta halinsa da aljanu. Abin da Seguin ya bari bai buƙaci kayan aiki masu tsada ba. Uwa a Gabukka da ke Gombe tana iya somawa da buta, sabulu da kwanon tuwo, mataki ɗaya a kowace rana, domin yaron da ya iya ciyar da kansa zai fi samun sauƙin rayuwa ranar da iyaye ba sa nan.