Tarihin Jackie Robinson, ɗan manoman da ya buɗe wa baƙar fata ƙofar babban rukunin bezbol

 A filinmu na tarihi yau mun leƙa Amurka, mun ɗauko labarin Jackie Robinson.

Bari mu fara da wasan kansa. Bezbol wasa ne na mutum tara-tara. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da sanda, sannan ya sheƙa da gudu ya zagaye tashoshi huɗu. Kamar yadda ɗan kokowa ke farawa a dandalin ƙauye, ya tsallake zaɓen jaha kafin ya je neman takobi, haka ɗan bezbol ke bin ƙananan rukunai mataki-mataki. Kowane babban kulob yana da ƙananan kulob inda yake renon matasa. To amma tun ƙarshen ƙarni na 19 aka toshe wa baƙar fata wannan hanya, sai suka kafa nasu rukunin dabam.

An haifi Jackie ranar 31 ga Janairu 1919 a garin Cairo na jihar Jojiya, shi ne auta cikin ƴaƴa biyar. Iyayensa noma suke a gonar wani, a raba amfani. Mahaifin ya bar gida a 1920, sai uwar, Mallie, ta kwashi yara zuwa Pasadena a Kalifoniya, tana aikatau tana ciyar da su. Yayansa Mack ne ya zo na biyu a tseren mita 200 a Olamfik na Balin a 1936, bayan Jesse Owens. Shi kuwa Jackie, a jami'ar UCLA ya yi fice a wasanni huɗu.

A 1942 aka ɗauke shi soja, har ya zama laftana. A Yulin 1944, a Teksas, direban bas ya umarce shi ya koma kujerar baya, ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja, kotu ta wanke shi.

A 1945 ya shiga kulob ɗin baƙar fata na Kansas City Monarchs, ana biyan shi dala 400 a wata. Nan Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers, ya sa aka nemo shi. Sun gana ranar 28 ga Agusta 1945. Sharaɗin da Rickey ya gindaya mai nauyi ne: ko an zage shi, ko an tsokane shi a fili, kada ya rama. Dalili kuwa, in faɗa ya ɓarke, masu adawa za su ce ga shi nan, ba a iya haɗa baƙi da fari, a sake rufe ƙofa ga duk na bayansa. Mutumin da ya ƙi tashi daga kujerar bas, shi ne ya yarda ya haɗiye fushi.

Aka tura shi Montreal Royals a Kanada, kulob ɗin Dodgers da ke matakin ƙarshe kafin babban rukuni. Wahala ta fara tun wurin atisaye a Fulorida a 1946. An hana shi da amaryarsa Rachel sauka a otal ɗaya da abokan wasansa, a Jacksonville kuma aka garƙame filin wasa don kada ya buga. Ranar 18 ga Afrilu 1946, wasansa na farko a Jersey City, sau biyar ya tsaya da sanda, sau huɗu ya yi nasara, Royals suka ci 14 da 1. A ƙarshen kaka shi ne kan gaba wajen bugu a duk rukunin, kusan 35 cikin kowane gwaji 100, kulob ɗinsa kuma ya ɗauki kofi. Mutanen Montreal suka ɗaga shi a kafaɗa don murna.

Ranar 15 ga Afrilu 1947 ya shiga filin Ebbets sanye da rigar Dodgers mai lamba 42. Zagi da wasiƙun barazanar kisa ba su tsaya ba, amma a shekarar aka ba shi kyautar gwarzon sababbin ƴan wasa. A 1949 ya zama gwarzon rukuninsa, a 1955 Dodgers suka ci babban kofi. Bayan kakar 1956 ya ajiye sanda, ya ci gaba da fafutukar ƴancin baƙar fata.

Ciwon suga ya addabe shi har ganinsa ya yi rauni. Ya rasu da ciwon zuciya ranar 24 ga Oktoba 1972, yana da shekara 53. A 1997 aka daina ba kowane sabon ɗan wasa lamba 42 a babban rukuni, sai dai duk 15 ga Afrilu kowa ya sa ta don tunawa da shi.

Ƴan uwa da ke Amurka da Kanada, in kun ga filin wasa ya cika da lamba 42, to ga mai ita. A gai da mutanen gida, sai mako mai zuwa.