Babban Gwani Muhammadu Durugu

Ɗan'uwa ɗalibin injiniya, ka san Muhammadu Durugu? Shi ne Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846). Ya gane laka kaɗai ba ta jure lanƙwasa, sai ya jera azarar giginya a cikinta, ya ɗaure, ya tayar da bakuna masu tsayi. Leƙa tsofaffin soraye a Gaya ko Ajingi, za ka ga azara a rufi. Amma wadda ta tsage wajen aiki, yaɓe zai ɓoye ta, rauninta na nan. Haka ragar robar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin titi take: tsakuwa da rola kan yaga ta, shi ya sa ake rage ƙarfinta a lissafi. Allah Ya jiƙan Gwani.