Alhaji Alhassan Ɗantata: Maraya da Ya Zama Attajirin Afirka ta Yamma

Bayan sallar Juma'ar da ta wuce, muhawara ta kaure a ƙofar masallaci: shin ya halatta mutum ɗaya ya tara dukiyar da ta fi ta gari guda, alhali maƙwabcinsa na kwana da yunwa? To, a wannan makon mun kawo tarihin wani bawan Allah da zai taimaka mana wajen auna maganar.

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fatake masu safarar goro. Yana yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara, a ƙasar Gana ta yau. Wata baiwa mai suna Tata ce ta raine shi, daga nan ya samo sunan Ɗantata. Ya yi almajiranci, ya san ɗacin rashi. Daga baya shi ma ya bi hanyar Gwanja, ya zauna a zango cikin baƙi. Wato ɗan ci-rani ne kamar ni da kai.

Goro ne ya fara ɗaga shi. Maimakon ayarin jakuna mai cin watanni, sai ya riƙa ɗora kayansa a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1912, kasuwar gyaɗa ta buɗe. A 1918 ya fara saya wa kamfanin Turawa gyaɗa, ya baza yaransa ƙauye-ƙauye, yana ba su jari. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita, da hannunsa a ciki. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, ana ɗaukarsa mafi arziki a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

An san shi da sauƙin rayuwa, da ciyarwa, da kai mutane aikin Hajji. Amma fa kada mu manta da wanda ya noma gyaɗar. Talaka ne a ƙauye, da fartanya, ga harajin Bature a wuyansa wanda sai da kuɗi ake biya, farashi kuma ba shi ke yankawa ba. Dala ta yi tsawo a birni, shi kuwa rumbunsa bai cika ba. Wannan ma yana cikin tarihin.

Me za mu ɗauka a nan? Musulunci bai haramta arziki ba; Sayyidina Usman da Abdurrahman bin Auf attajirai ne, kuma an yi musu bushara da Aljanna. Sai dai malamai sun karantar da mu cewa za a tambayi kowa ta ina ya samu, kuma ina ya kashe. Kyauta ba ta wanke haƙƙin lebura. Zakka, ɗaya cikin 40, ba alfarma ba ce, haƙƙin talaka ne.

Mu da muke Abuja ai muna gani da idonmu: mai gadi na tsaron katafaren gida a Maitama ko Asokoro, iyalinsa na ɗaki ɗaya a Mararaba ko Nyanya. Amma tambayar ba ta masu biliyoyin kaɗai ba ce. Kai mai shago a kasuwar Wuse ko Dei-Dei, yaron shagonka nawa kake ba shi? Shekara nawa yana tare da kai, ka yi tunanin sallamarsa da jari, kamar yadda Ɗantata ya ɗaga yaransa?

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya yafe masa kurakuransa. Mu kuma ya ba mu halal mai albarka, ya raba mu da cin gumin wani. Amin.

Sakataren Masallaci