Lord Delamere na Kenya: Mai Shanu, Ɗan Majalisa

An haifi Hugh Cholmondeley a Ingila cikin shekarar 1870, a gidan gadonsu da a ke kira Vale Royal. Yana da shekara 17 ubansa ya rasu, ya gaji sarauta da ƙasa, aka shiga kiransa Lord Delamere. Karatu bai dame shi ba, farauta ita ce abin da ya sa gaba. Ita ta kai shi ƙasar Somaliya, inda zaki ya kama shi ya bar shi da ɗingishi har mutuwarsa. Daga can ya keta daji ya shigo tuddan Kenya cikin 1897, ya ga ciyawa da sanyi, ƙasar ta shiga ransa.

Cikin 1903 Gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi aron eka 100,000 a Njoro. Nan fa ya fara shan wuya. Ya sayo tumaki daga ƙetare, galibinsu suka rame suka mutu. Ashe ƙasar wurin ba ta da wani sinadari da dabba ke bukata, shi ya sa Masai, makiyayan ƙasar, ba su cika kai garkensu can ba. Da ya tambaye su tun farko, da ya huta. Ya koma kan shanu, cuta ta share su. Ya shuka alkama, tsatsa ta cinye ta. Wani da ya tattara ya koma gida, shi kuwa sai ya jinginar da gidan gadonsa na Ingila, ya ci bashi, ya sake sabon lale.

Sannu a hankali ya gane kan abin. Ya mai da dabbobinsa Soysambu, kusa da tafkin Elmenteita, ya riƙa haɗa bijiman Turai da shanun ƙasa, don 'ya'yan su sami nono irin na can da jimiri irin na nan. Ya ɗauki Masai kiwo, ya koyi harshensu, da dare su kan zauna hira a ɗakinsa. Ya sa aka nemo irin alkama mai jure tsatsa, ya kafa kamfanin niƙa gari mai suna Unga. Cikin 1925 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar haɗa kai ta masu nono ta Kenya, wadda ta riƙa tara madara tana yin man shanu don sayarwa.

To, sai batun Majalisa, nan ne kuwa labarin ya ke da ɗaci. Tun da aka buɗe Majalisar Dokoki cikin 1907 yana ciki. Shekara ta zagayo ya ja Turawa 'yan'uwansa zuwa gidan Gwamna suna hayaniya a samar musu lebura, har aka dakatar da shi na wani lokaci. Mutumin da ke hira da Masai a ɗakinsa, shi ne shugaban masu cewa tuddai masu ni'ima na Turawa ne kaɗai, alhali cikin 1904 da 1911 an tashi Masai ɗin nan daga makiyayarsu. Ya yi tsayin daka kada Indiyawa su sami ƙuri'a daidai da Bature. Burinsa mulkin Kenya ya koma hannun Turawan zaune. Cikin 1923 ya tafi London kan wannan magana, amma Gwamnatin Ingila ta ba da sanarwa cewa in bukatu suka yi karo, ta mutanen Afirka ce a gaba. Wannan bai yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Ya rasu ran 13 ga Nuwamba, 1931, yana da shekara 61, da bashi mai yawa a wuyansa. Aka sa wa babban titin Nairobi sunansa, aka kafa gunkinsa a bakin titin. Bayan Kenya ta sami 'yancin kai cikin 1963, titin ya koma Kenyatta Avenue, gunkin kuwa aka ɗauke shi aka kai Soysambu.