DORIS MILLER, KUKUN DA YA KAMA BINDIGA

An haifi Doris Miller ran 12 ga Oktoba 1919 a garin Wako, cikin jihar Teksas ta ƙasar Amurka. Iyayensa baƙar fata ne, manoma. A shekara ta 1939 ya shiga sojan ruwa. A wannan zamani ba a yarda baƙin mutum ya riƙe makami cikin jirgin yaƙi ba. Aikinsa dafuwa, wanki da hidimar hafsoshi. Haka aka sa Miller cikin babban jirgi mai suna West Virginia.

Ran 7 ga Disamba 1941 da safe, yana cikin tattara kayan wanki, sai jiragen saman Japan suka faɗa wa tashar Pearl Harbor, a tsibiran Hawayi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wuta na ci, jirgi na nutsewa, Miller ya riƙa ɗauke waɗanda suka ji rauni, har ya taimaka aka gusar da kumandan jirgin, Mervyn Bennion, wanda ajali ya cim masa a ranar. Sa'an nan ya kama wata babbar bindiga ta harbin jiragen sama, wadda ba a taɓa koya masa ba, ya yi ta harbi har harsashi ya ƙare.

Da farko hukuma ba ta bayyana sunansa ba. Jaridun baƙar fata, musamman Pittsburgh Courier, su ne suka matsa har aka san shi. Ran 27 ga Mayu 1942, Amiral Nimitz ya maƙala masa lambar Navy Cross bisa jirgin Enterprise. Shi ne baƙin mutum na farko da ya samu wannan lamba, wadda a yau ita ce ta biyu wajen daraja ga sojan ruwan Amurka. Ta farkon kuwa, ba a ba shi ba.

Bayan haka ya koma teku, kuma dai a matsayin kuku. Ran 24 ga Nuwamba 1943, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya nutsar da jirginsu, Liscome Bay, kusa da tsibirin Makin. Mutum fiye da 600 suka halaka, har da Miller, yana da shekara 24. Ba a ga gawarsa ba.

A 1973 aka ƙaddamar da wani jirgin yaƙi mai sunansa. A 2020 kuma hukumar sojan ruwa ta ba da sanarwar raɗa sunansa ga wani ƙaton jirgi mai ɗaukar jiragen sama, girman da aka saba yi wa shugabannin ƙasa.