Edmond Halley da Tafiyar Gizagizai

Sau da yawa da farkon damina mukan ga gizagizai na ƙasa-ƙasa suna tafowa daga kudu maso yamma, hadari kuwa yana tasowa daga gabas, mu yi ta mamaki. Edmond Halley yana cikin waɗanda suka fara gano asirin irin wannan saɓani.

An haife shi a Ingila cikin 1656, ubansa mawadaci ne, mai sana'ar sabulu. Yana ɗan shekara ashirin ya bar karatu a Oxford, ya shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Sant Helena don duban taurarin kudu. Ko da ya ke gajimare ya yi ta rufe masa sama, sai da ya lissafta taurari 341.

Cikin 1686 ya zana taswirar iskokin teku, ya kawo dalilinsu. Inda rana ta fi zafi iska takan yi sauƙi ta hau bisa, ta gefe ta kwararo ta ƙasa ta cike gurbinta. Wadda ta hau kuwa sai ta juya ta bisa, ta nufi inda waccan ta fito. Watau iska hawa-hawa ce, kowane girgije yana bin wadda ya ke ciki. Yadda juyawar duniya ke karkata iskokin nan ya kuɓuce masa, sai George Hadley ya bayyana shi cikin 1735.

Halley ya kuma ƙididdige cewa wani tauraro mai wutsiya zai komo cikin 1758. Ya rasu cikin 1742, bai gani ba. Tauraron kuwa ya komo, har yau da sunansa a ke kiransa.